Littafin zobe: abin da sikeli ya faɗa mani tun daga 2014

9 Nuwamba, 2014, Katsina

Kilo 148. Ba a gida na auna ba, don sikelin gida iyakarsa 130, in na hau sai allurar ta je ƙarshe ta kwanta. Wurin wani abokina mai sayar da hatsi na je bayan la'asar, na jira 'yan dako suka watse, na hau sikelin da ake ɗora buhu. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Alhaji, buhu ɗaya da rabi ke nan, saura ƙiris." Muka yi dariya tare, amma da na koma mota na daɗe ban tada ta ba.

Shekarata 43, tsawona mita 1.72. Likitan da ke duba mani suga ya yi lissafin da suke kira BMI a gabana, wato a raba nauyi da tsawo sau tsawo. Nawa ya tashi 50. Ya ce daga 25 mutum ya fara wuce kima, daga 30 ƙiba ce, daga 40 kuwa ita kanta ta isa a yi maganar aiki, ko da babu suga da hawan jini, ni kuma ina da su duka biyun. Da wannan tsawon, kada in wuce kilo 74. Ashe wani mutum guda cikakke nake goye da shi zuwa kasuwa kullum.

Shekara uku ke nan rabona da kai goshi ƙasa a sahu. Akwai wata farar kujerar roba a ƙarshen sahun masallacin unguwarmu, ni da wasu tsofaffi biyu sa'o'in mahaifina muke sallah a zaune. Wannan ya fi suga ci mani rai.

Na sayar da filina na hanyar Dutsin-ma don in je Alƙahira a yi mani aikin rage ƙiba, a ɗaura mani zobe a tumbi. Inna ba ta so. Ta ce, "Kai da Allah ya ba jiki za ka kai a yanka? Babanku ma haka yake." Na ce, "Shi ya sa, Inna." Babanmu bai cika sittin ba shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Ta yi shiru, can ta ce Allah ya kai lafiya.

3 Disamba, 2014, Alƙahira

Kwana biyu da aiki. Kilo 141, amma wannan bakwai ɗin ba aikin zobe ba ne, na mako biyun da aka hana ni komai sai ruwa-ruwa ne kafin a yi aiki, don hanta ta ɗan saɓe likita ya sami wurin shiga.

Ba tsaga ciki suka yi ba. Huda biyar ce ƙanana, suka zura kyamara da kayan aiki. Zoben na roba ne mai laushi, an ɗaura shi a can saman tumbi, ƙasa kaɗan da inda bututun abinci ya ƙare, sai ya bar ɗan aljihu a sama wanda bai fi ya ɗauki cokali biyu ba. Cikin zoben kamar tayar keke yake, ana iya hura shi, amma da ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa. Daga jikinsa akwai siririn tiyo da ya zo ya haɗu da wani abu mai kama da maɓalli a ƙarƙashin fatar cikina, ta hagu. In na danna ina jin shi. Ta nan ake sa allura a ƙara ruwa zoben ya matse, ko a zuƙe ya saki. Nawa yana ɗaukar mil 10, yanzu babu komai ciki.

Likitan, ta bakin tafinta, ya ce ba a yanke mani komai ba, ran da na ga dama ana iya cire shi. Wannan ne ya sa na zaɓe shi. Ya kuma ce aikin da ya yi shi ne mai sauƙin, mai wuyar yana gaba, sai an riƙa duba ni ana daidaita ruwan. Na gyaɗa kai kawai, kafaɗata na ciwo saboda iskar da suka hura mani a ciki. Ban tambaye shi wa zai yi mani wannan a Katsina ba. Sa'ar da na yi, Hajiya ta matsa muka sayi kwalin allurar tasu ta musamman, wadda bakinta a lanƙwashe yake don kada ta ɓarke robar maɓallin.

24 Janairu, 2015

Kilo 138. Mako biyu koko da romo tatacce, mako biyu faten dankali da ƙwai, sannan abinci mai laushi. Da kumburi ya sauka yunwa ta dawo yadda na san ta, har na fara zargin an cuce ni.

Na zagaya garin nan ban sami wanda ya taɓa ƙara wa zobe ruwa ba. Ba laifinsu ba ne, ba su da masu irin larurar. Daga ƙarshe aka haɗa ni da wani likitan fiɗa a Kano da ya yi karatu a waje. Jiya na je. Ya kwantar da ni, ya ce in ɗago kai don ciki ya yi tauri, ya laluba, ya sa allura. Mil 4. Minti biyar aka yi, tafiyar kuwa kilomita kusan 170 zuwa, 170 dawowa.

15 Maris, 2015

Kilo 131, ruwa mil 5.5. Daren jiya zobe ya gaishe ni.

Na tsaya wurin mai tsire a Ƙofar Ƙaura kamar yadda na saba shekara ashirin. Yanka na biyu, muna hira da wani, na haɗiye ban tauna sosai ba. Sai na ji kamar an kafa mani taɓarya a tsakiyar ƙirji. Ba shaƙewa ba ce, numfashi na fita, amma abin ya tsaya cik, ba gaba ba baya. Yawu mai yauƙi ya riƙa taruwa a bakina ina tofarwa. Na yi kuskuren kurɓar ruwa don in tura shi, ruwan ya dawo ta hanci. Na fi rabin awa a bayan mota ina safa da marwa kafin naman ya fito yadda ya shiga.

Likitan Kano ya yi mani faɗa a waya, ya maimaita abin da ya faɗa tun farko: loma ƙarama, a tauna har ta zama kamar kunu, a haɗiye, a jira kamar minti guda kafin ta gaba, in an yi minti ashirin a tashi ko kwano bai ƙare ba. Kada a sha ruwa a kan abinci.

To ga inda gizo ke saƙar. Bahaushe ba ya tauna tuwo. Tun muna yara aka koya mana a murza loma, a dangwali miya, a aika. Yanzu ni, magidanci mai 'ya'ya shida, ina zaune ina tauna tuwon masara kamar mai cin goro, yara na leƙe suna ƙunshe dariya. Na daina cin abinci a kwano ɗaya da mutanen rumfa, don kafin in kai loma uku sun sharce kwanon. Wannan ya yi mani zafi fiye da yadda na zata. Cin abinci tare a bakin rumfa rabin kasuwanci ne, a nan ake jin farashin shadda a Kwari da wanda ya karye da wanda zai ƙara aure.

Abubuwan da zobe bai yarda da su ba zuwa yanzu: burodi mai laushi, busasshiyar shinkafa, kilishi, mangwaro mai zare, zogalen da ba a yanka ƙanana ba. Da safe ya fi matsewa, ko ƙwai da ƙyar, da dare kuma ya saki.

19 Yuli, 2015

Shekaranjiya Juma'a aka yi Sallah. Kilo 121. Azumi ya yi wuya ta wajen ruwa, ba ta wajen abinci ba. Ba na iya kwankwaɗa a buɗa-baki, sai kurɓi-kurɓi daga magariba har sahur, ga zafin watan Yuni. Sau biyu fitsarina ya yi ja har na tsorata. Liman ya ce in likita ya hana in sha in rama, amma na lallaɓa na kai.

26 Satumba, 2015

Kilo 117. Naman layya yanka huɗu na ci a kwana uku, dukkansu hanta.

Magana ta fara yawo. Na ji an ce ciwon zamani ne, an ce karayar arziki ce tunda na sayar da fili, an ce sammu ne daga maƙwabcin rumfa. Wani dattijo da muke mutunci ya kawo mani rubutu a gora, ya ce, "Alhaji, ba a ɓoye wa ɗan'uwa ciwo." Na ɗaga riga na nuna mashi tabon huda, na kama yatsansa na ɗora a kan maɓallin. Ya janye hannu da sauri yana salati. A garin nan in ka yi ƙiba an ce ka samu, in ka rame sai ka kawo shaida.

4 Disamba, 2016

Shekara biyu. Kilo 104, ruwa mil 6.5. An rage mani maganin suga zuwa ƙwaya ɗaya, na hawan jini ma an rage. Hajiya ta ce minsharin da ke sa ta tashi ta girgiza ni don ta ga ko ina numfashi ya tafi. Kaftanina da yake cin yadi bakwai yanzu biyar ya ishe shi, kuma ni mai sayar da yadi ne, na san abin da na tsira da shi.

Tun watan Maris na bar kujera. Ranar farko da asuba ne, ban faɗa wa kowa ba, na shiga tsakiyar sahu. Da na kai goshi kan darduma sai na ji ƙamshin ƙurarta, abin da na manta akwai shi. Tasowa ce ta yi wuya, sai da na dafa ƙasa da hannu biyu. Ɗaya daga tsofaffin nan biyu ya ce mani bayan sallama, "Yaro, ka gudu ka bar mu."

11 Agusta, 2018

Na daɗe ban buɗe littafin nan ba, kuma na san dalili. Kilo 119.

Na je Kano da niyyar in ce zobe ya saki. Likita bai taɓa allura ba, ya ba ni takarda ya ce in rubuta duk abin da ya shiga bakina jiya, har ruwa. Na rubuta. Shayi da madarar gwangwani da safe, don abinci ba ya wucewa. Fura da nono da suga ƙarfe sha biyu, kwano babba, wadda yaron rumfa ke karɓo mani wurin wata Bafulatana. Lemon kwalba biyu da baƙi. Kunun gyaɗa da dare. Abinci mai tauri kuwa bai fi loma shida ba. Ni a raina ina ganin ba na cin komai.

Ya ce zobe ba ya tare ruwa. Duk abin da zai bi ta mazurari zai wuce shi salin-alin, kuma ba zai sa in ji ƙoshi ba. Lemon kwalba guda akwai suga kusan ƙwaya tara a ciki. Ɗan hakin da ka raina. Abin da na gane daga baya shi ne ba kwaɗayi kaɗai ba ne, tsoro ne. Tun daren tsiren nan jikina ya koyi cewa nama da tuwo suna iya tozarta ni a gaban mutane, fura kuwa ba ta taɓa yi ba. Sannu a hankali na koma wajen abin da ba ya faɗa da ni, ba tare da na taɓa yanke shawarar haka ba.

2 Nuwamba, 2019

Kilo 116. Na matsa wa likita sai da ya kai ruwan mil 7.5, bai so ba. Laifina ne. Yanzu ƙwarnafi kusan kullum, da dare ruwa mai tsami na taso mani har ina tari. Filo uku nake kwana a kai. Ban faɗa mashi ba, don kada ya rage.

20 Mayu, 2020

Wannan sai da na warke na iya rubuta shi.

Korona ta shigo jihar ta Daura a watan Afrilu, aka rufe gari, daga baya aka hana tafiya tsakanin jihohi, jiragen waje ma tun Maris an tsayar. Cikin azumi, wajen sha biyar ga wata, wani yankan kaza ya tsaya mani. Na yi ta amai, wurin ya kumbura, zoben da dama a matse yake ya rufe ruf. Kwana biyu ko yawuna ba ya wucewa, ina zaune da kofi ina tofawa. Kano ba ta shiguwa.

Hajiya ce ta tuna da kwalin allurar Alƙahira. Ta kira wani matashin likita da ke unguwarmu, ya ce bai taɓa gani ba amma zai gwada in za a nuna mashi. Likitan Kano ya hau bidiyo ta WhatsApp, babban ɗana na riƙe da waya, shi kuma yaron likitan na laluben cikina. Sau uku yana sa allura tana bugun gefen ƙarfen maɓallin. A na huɗu ta shige, sirinji ya fara cika da kansa. Suka zuƙe duka. Aka ba ni ruwa rabin kofi, na ji saukarsa har ƙasa, sanyi kamar an buɗe famfo. Sai da aka sa mani ƙarin ruwa leda uku.

Zan rama azumi tara bayan Sallah.

17 Oktoba, 2020

An ɗauki hoto ina haɗiye wani farin ruwa mai kauri kamar alli. Zoben bai zame ba, bai kuma ci bangon tumbi ya shige ciki ba, waɗannan biyun su likita ya fi tsoro don dukkansu sai an sake aiki. Amma aljihun sama da ƙarshen bututun abinci sun buɗe, saboda shekara guda suna tura abinci ta ƙofar da ta yi masu ƙanƙanta. Hukunci: a bar zobe babu ruwa wata shida. Kilo 126 yau, kuma ina cin tuwo kamar kowa, ba zan ɓoye ba, da daɗi.

6 Maris, 2022

Kilo 118, ruwa mil 5, an kai shi nan ne rabin mil rabin mil cikin shekara guda. Ba na neman a matse kuma. Ma'aunin yanzu shi ne in iya cin kifi ko dambun nama da wake a ƙaramin faranti ba tare da ya tsaya ba, in kuma kai awa huɗu ban tuna abinci ba. Fura ta koma ran Juma'a kaɗai, ludayi uku, ba suga. Bayan asuba ina takawa daga gida zuwa Ƙofar Soro, in zaga ta wajen hasumiyar Gobarau in dawo, minti arba'in da biyar. Lokacin hunturu sai na yi faɗa da kaina kafin in fita.

Ɗana da ke karatun haɗa magunguna ya karanto mani bincike biyu. Ɗaya daga Melbon ta Ostireliya, na Farfesa Paul O'Brien, wanda aka buga a 2013: mutum 3,227 da aka sa wa zobe, waɗanda aka bi har shekara 15 sun zubar da kashi 47 cikin ɗari na rarar nauyinsu, ko da yake da yawa sai da aka sake masu aiki a hanya. Ɗayan na Suwidin ne, inda bayan shekara 10 masu zobe suka tsaya a ragin kashi 14 na dukkan nauyinsu, waɗanda aka yi wa wani aikin rage ƙibar na karkatar da hanji kuwa kashi 25. Muka ɗauki biro. In na bi lissafin Melbon zan tsaya wajen 113, in na bi na Suwidin wajen 127. Na ce mashi dukkansu na taɓa zama a cikinsu. A ganina bambancin ba a zoben yake ba, yana ga wanda ke duba ka da kuma nisan ƙofarsa da taka. Mutumin Melbon yana da asibitin da aikinsa ke nan. Ni ina da likita ɗaya a wata jiha da lambar wayarsa.

1 Disamba, 2024

Shekara goma. Kilo 112. Daga 148 an cire 36, wato kusan rabin mutumin da nake goye da shi ya sauka, rabi na nan daram. BMI ɗina 38, har yanzu a littafin likita ni mai ƙiba ne. Suga na nan amma ƙwaya ɗaya ta riƙe shi. Gwiwar dama tana ƙara, sai dai ina sujada.

Likitan Kano ya faɗa mani gaskiya, ya ce zobe ya zama tsohon yayi. Lokacin da Amurka ta amince da shi a 2001 kowa shi yake so, yanzu asibitoci da yawa sun fi cire shi fiye da sa shi. Abin da aka fi yi shi ne a yanke kusan kashi huɗu cikin biyar na tumbin a bar shi siriri kamar ayaba. Ya fi rage nauyi, ba ruwansa da allurar daidaitawa, amma abin da aka yanke ya tafi ke nan, kuma mai ƙwarnafi irina yana iya ƙara mashi. Akwai kuma allurar mako-mako irin su Wegovy da aka fara a 2021, tana kashe yunwa, amma in ka daina nauyin na dawowa, kuma da dala ake sayenta. Da na je Alƙahira dala ba ta kai naira 200 ba, yau ta haura 1,500. Ba ni da wani filin.

Muka tsaya a kan a bar zobe inda yake muddin hoto na nuna lafiya, a riƙa ɗauka shekara-shekara. Ya ce ba ya yi mani alkawarin zai kai ni ƙarshen rayuwa, roba ce, tiyo na iya tsagewa, maɓalli na iya juyawa.

Inna har yanzu in na je gaishe ta sai ta ce na rame, ta sa a dama fura. Ina kurɓa biyu don kada ranta ya ɓaci, in miƙa wa jikokinta.

8 Yuni, 2025

Kilo 113, bayan Babbar Sallah da kwana biyu. Hanta yanka biyar, ba abin da ya tsaya.

Farar kujerar nan ta masallaci yanzu wani matashi ke zama a kanta, bai kai arba'in ba, direban tirela ne. Jiya bayan isha'i ya tare ni a ƙofa, ya ce, "Baba Alhaji, an ce kai ma da haka kake. Don Allah lambar asibitin nan nake so." Na ce ya same ni a rumfa ran Talata in ba shi littafin nan ya karanta tukuna, sannan in haɗa shi da likitan Kano, tunda a kan hanyarsa yake.

Hoton bana ran 24 ga wata ne. Allurar Alƙahira saura biyu a durowa, kuma Hajiya ta duba kwalin ta ce kwanan watansu ya daɗe da wucewa. Sai na tambayi likita inda ake samun sababbi kafin in tafi.